Wasiƙa zuwa ga Edita: Kafin a sake buga "an gwada a kan ɓera", a ji labarin PKC

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya kuma haƙuri da mu masu karatu. Dan Allah ka bani fili a wannan shafi, maganar tawa tana da ɗan tsawo amma wallahi ta daɗe tana cina a rai.

Kusan duk wata sai kaga labari a jaridunmu ko a Facebook wai masu bincike sun gano wani ganye yana warkar da ciwon suga, ko ciwon hanta, ko ma ciwon daji, in ka daure ka karanta har ƙasa sai kaga ashe ɓeraye aka baiwa, suga ya sauka, shikenan aka buga kanun labari da manyan baƙaƙe. Kwana biyu mai tallan magani a bakin tasha ya ɗauki maganar ya sa a lasifika yana cewa ai har jami'a ta tabbatar. Ni bayokemistiri na karanta, kuma na yi aiki a ɗakin gwaji da waɗannan fararen ɓerayen, ban raina aikin ba ko kaɗan, asalima kare masa mutunci nake son yi. Shi yasa nake so in baiwa masu karatu labarin wani furotin guda ɗaya da ake kira furotin kinas C, a taƙaice PKC, domin ban san wani abu da ya fi shi nuna amfanin ɓera a bincike ba, ban kuma san wanda ya fi shi nuna inda ɓera yake tsayawa ba.

Bari in fara da menene kinas ɗin. Jikin ɓera da namu duk ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido baya gani, kuma kusan duk aikin da ake yi a cikin ƙwayar furotin ne ke yinsa. To furotin ba kullum yake aiki ba, akwai lokacin da ake tada shi akwai lokacin da ake kwantar da shi, hanyar da aka fi yin haka ita ce a liƙa masa wani ɗan sinadari mai suna fosfet, da an liƙa sai siffarsa ta ɗan canza, aikinsa ma ya canza. Masu liƙa fosfet ɗin su ne kinas. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a birnin Seattle na Amurka a tsakiyar shekarun 1950, da tsokar zomo suka yi aikin, kuma sai a 1992 aka basu kyautar Nobel a kai. Yanzu an san mutum yana da kinas sama da 500 a jikinsa. PKC ɗaya ce daga ciki.

Wanda ya gano ta Bajapane ne, Yasutomi Nishizuka, shi da ɗalibansa a Jami'ar Kobe a 1977, daga ƙwaƙwalwar ɓera da ta saniya suka tato ta. Da farko su kansu basu san me ke tada ta a jiki ba, sai bayan kamar shekara biyu suka gano tana buƙatar kalsiyam da wani irin kitse da ke jikin fatar ƙwayar halitta, musamman wani guntu da ake kira DAG. A nan ne abun ya zama babba. Ka san yadda baƙo namiji yake zuwa gidan Bahaushe, baya faɗawa cikin gida, a zaure zai tsaya yayi sallama sai a samu yaro ya kai saƙo ciki. To haka yawancin sinadaran da ke yawo a jini suke, irin su adirenalin, basa shiga cikin ƙwayar, a bakin fatarta suke tsayawa. Wasu daga cikinsu da sun taɓa wurin da aka tanada musu sai wani enzayim, shima furotin ne, ya yanka wani kitse na jikin fatar gida biyu, rabi ɗaya shi ne IP3 wanda ke kutsawa ciki ya buɗe ma'ajiyar kalsiyam, ɗaya rabin shi ne DAG wanda ke nan maƙale a fatar. Kalsiyam ya fito, DAG na jira, sai PKC ta baro tsakiyar ƙwayar ta zo ta manne a fatar ta buɗe ta fara liƙawa sauran furotin fosfet. Shi ɓangaren IP3 ɗin Michael Berridge ne da abokan aikinsa suka tabbatar da shi a 1983, mutumin da aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kuma gwajin da ya yanke maganar da ƙwayoyin fankiriyas ɗin ɓera, wato gaɓar da ke haɗa insulin, aka yi shi. A 1989 shi da Nishizuka suna cikin waɗanda aka baiwa kyautar Lasker. Nishizuka ya rasu a 2004.

Me PKC take yi a jikin ɓera? Gara ma a tambayi me bata taɓawa. Tana da hannu a yadda jijiyar jini ke tsukewa, da yadda ƙwayoyin da ke daskarar da jini suke haɗuwa, da fitar insulin, da yadda ƙoda ke tace gishiri, da yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke miƙawa juna saƙo, da ma hukuncin ko ƙwaya zata rabu biyu ko zata mutu. Kuma wajen 1986 da aka fara karanta ƙwayoyin gadonta sai aka ga ashe ba guda ɗaya bace, dangi ne wajen goma, aka raɗa musu sunaye da haruffan Girka, alfa, beta, gamma, delta, efsilon, tita, zeta da sauransu. Wasu sai da kalsiyam da DAG duka, wasu DAG kaɗai ya ishe su, wasu kuma babu ruwansu da ko ɗaya. Gamma kusan a ƙwaƙwalwa da laka kawai ake samunta, akwai ma wani jinsin ɓera da aka samu a Jami'ar Glasgow da ke tafiya yana tangaɗi yana jan ƙafafun baya, da aka bincika sai aka ga gamma ɗinsa ce ta lalace, a mutane ma akwai wani ciwon gado na rashin daidaiton tafiya da ke zuwa daga lalacewar wannan gamma ɗin. Kaga a nan ɓera yayi gaskiya.

Yanzu ga inda nafi son Edita ya tsaya, wato ciwon suga, domin shi ne ya addabi gidajenmu, babu dangin da zaka shiga baka samu mai shi ba. Mutane da yawa sun ɗauka matsalar suga ita ce lambar da ke fitowa a na'urar gwaji, alhali abun da ke nakasa mutum shi ne ɓarnar da yake yi a hankali a ƙananan jijiyoyin jini na ido da ƙoda da ƙafa. George King da mutanensa a cibiyar Joslin da ke Boston sun ɗauki ɓerayen da aka sawa ciwon suga suka duba cikin idonsu da zuciyarsu da ƙodarsu, suka ga idan suga yayi yawa a jini ƙwayoyin jijiya suna juya wani kaso nasa ya zama DAG, DAG ɗin kuma yayi ta tada PKC, musamman beta, babu hutu. Sakamakon haka gudun jini a bayan ido ya ragu, bangon jijiya ya fara yoyo, ƙoda ta fara zubar da furotin a fitsari. Wannan ba ƙaramin gano abu bane, sun nuna hanyar da suga ke bi ya cuci ido, mataki mataki. Sai kamfanin Eli Lilly ya haɗa ƙwayar maganin da ke toshe beta kaɗai, a 1996 aka buga sakamako a mujallar Science, ɓerayen da aka baiwa ta baki gudun jinin idonsu ya gyaru, aikin ƙodarsu ya gyaru, furotin ɗin fitsari ya ragu. In da a nan ne da tuni an buga cewa an samo maganin makantar suga.

To me ya faru? An ɗauki maganin, sunansa ruboxistaurin, aka gwada a kan mutane ɗaruruwa na tsawon shekaru. Ya ɗan rage yawan waɗanda ganinsu ke raguwa, amma bai hana ciwon idon ci gaba yadda aka sa rai ba. A 2006, shekara goma cif bayan murnar ɓeraye, hukumar kula da magunguna ta Amurka FDA tace hujjar bata isa ba sai an ƙara wani gwajin na shekaru, daga nan maganin bai shiga kasuwa ba. Ka duba fa, waɗannan mutane ne da suka san sunan furotin ɗin da suke nufi, suka san wane ne a cikin danginsa, suka auna shi a ido da ƙoda, ga kuɗi ga kayan aiki, duk da haka tsakanin ɓera da mutum aka samu rata. To ina ga wanda ya jiƙa ganye a ruwa ya ɗura wa ɓera na sati biyu?

A ɓangaren hanta ma akwai aiki mai kyau. Gerald Shulman a Jami'ar Yale shi da mutanensa sun ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo sosai na kwana 3 kacal, a 2004 suka buga cewa cikin waɗannan kwanakin kitse ya taru a hanta, efsilon ta tashi, hantar ta daina jin maganar insulin, wato insulin na cewa a daina zuba suga a jini ita kuma tana ci gaba. A 2007 suka rage efsilon ɗin a jikin ɓerayen, kitsen na nan a hanta amma insulin ya ci gaba da aiki. Ni wannan gwajin yana burgeni har yau saboda ya raba abu biyu da kowa ke haɗawa, kitsen daban, saƙon da kitsen ke tayarwa daban. Amma ko shi ba a rufe maganarsa ba, a 2019 wasu masu bincike a Ostireliya suka cire efsilon daga hantar ƙananan ɓeraye, wato jinsin da Turawa ke kira mice, ita kaɗai basu ga kariyar ba, sai da suka cire ta daga kitsen jiki suka ga canji. Har yanzu ana ja, kuma haka ya kamata.

Zuciya kuwa a gurguje, Daria Mochly-Rosen a Jami'ar Stanford ta nuna a zukatan ɓeraye cewa idan jini ya yanke ya dawo, efsilon kare tsokar zuciya take yi, delta kuma ƙara ɓarna take, 'yan gida ɗaya amma kowa da inda ya sa gaba. Aka haɗa maganin toshe delta aka gwada a kan mutum sama da 1,000 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna bai rage girman ɓarnar ba.

Akwai wanda yafi kowanne ɗaukar hankalin 'yan jarida, shi ne na mantuwa. Todd Sacktor a New York ya daɗe yana cewa wani guntun zeta da ake kira PKM zeta, wanda shi a buɗe yake kullum baya jiran kalsiyam ko DAG, shi ne ke riƙe abun da ƙwaƙwalwa ta koya. A 2006 suka sa ɓera a kan wani faifai mai juyawa, akwai wani ɓangare da in ya shiga sai wutar lantarki ta ɗan ja shi a ƙafa, ɓeran ya koya yana ta gudun wajen, washegari aka yi masa allurar wani sinadari mai suna ZIP, wanda aka haɗa don toshe PKM zeta, a cikin ƙwaƙwalwa, aka maida shi kan faifan sai ya shiga wajen kai tsaye kamar bai taɓa sani ba, kuma bayan haka yana iya koyon sabon abu lafiya lau. A 2007 a cibiyar Weizmann ta Isra'ila aka baiwa ɓeraye ruwa mai zaƙi sannan aka yi musu allurar da ke tada zuciya, suka tsani ruwan, ko an ajiye musu basa sha, bayan makonni aka yi musu ZIP suka koma suna sha abunsu. Duniya ta ɗauka, aka yi ta rubuta cewa an gano ma'ajiyar tunani, har ana maganar za a gogewa sojoji abun da suka gani a yaƙi. Sai a 2013 ƙungiyoyi biyu daban daban suka samar da ƙananan ɓeraye da babu zeta a jikinsu sam, suka ga suna koyo suna tunawa kamar kowa, abun mamaki ma in an yi musu ZIP suma suna mantawa, kenan ZIP ɗin ba zeta kaɗai yake taɓawa ba. Sacktor bai yarda ba, a 2016 ya kawo hujjar cewa in babu zeta wata 'yar uwarta ce ke karɓar aikin. Ni a nawa ganin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, amma wanda ya buga a 2006 cewa an gama magana yayi gaggawa.

Mu dawo gida Malam Edita, domin abun da ya sa na ɗauki alƙalami kenan. Duk wanda ya taɓa shiga gidan dabbobi na sashen bayokemistiri ko fisiyoloji ko harhaɗa magunguna a jami'o'inmu ya san yadda ake yi. Za a sayo ɓerayen Wistar, waɗannan farare masu jan ido da asalinsu daga wata cibiya ce a Philadelphia tun farkon ƙarni na 20, ba irin ɓeran gida bane kuma ba shi ne mai kawo zazzaɓin Lassa ba, a zuba su a keji da garin katako a ƙasa, sau da yawa abincin kaji ake basu. A hana su abinci dare ɗaya, da safe ayi musu allurar alozan, sinadarin da ke sa musu ciwon suga, a ciki, bayan kwana biyu ko uku a ɗan yanki bakin wutsiya a ɗiga jini a kan tsinken na'urar gwajin suga, wanda lambarsa ta haura a ware shi. Sannan a raba su rukuni rukuni, waɗannan ruwa kawai, waɗannan maganin asibiti, waɗannan ruwan zogale ko shuwaka ko garafuni, ɗalibi ya riƙe ɓera ta ƙeya ya zura masa siririn bututu har maƙogwaro ya ɗura, kullum, ɓeran na fitsari yana cizo, yaran nan suna shan wahala kuma da kuɗin iyayensu suke sayen komai. Bayan sati biyu ko uku a sake aunawa, suga ya sauka, a zana jadawali a ɗaure furojet.

Matsala ta farko, alozan da takwaransa sitireftozotosin, wanda shima ake sawa ɓera ciwon suga da shi, kashe ƙwayoyin da ke haɗa insulin suke yi, wato ɓeran ya koma kamar mai ciwon suga nau'i na ɗaya. Amma mafi yawan iyayenmu da ke layi a asibiti nau'i na biyu gare su, suna da insulin, jikin ne baya jin maganarsa, irin abun da Shulman ya bi sawunsa a hanta. Ciwo biyu ne daban. Ta biyu, an san ɓeran da aka yiwa alozan wani lokaci yakan farfaɗo da kansa suga ya sauka ko ba a bashi komai ba. Ta uku kuma ita ce tafi damuna, ba a leƙa cikin ƙwayar ba. Ganyen ya sauke suga, to ta wace hanya? Hana hanji shan suga yayi, ko ɓeran ne ya daina cin abinci saboda ɗaci ya dame shi, ko hanta ya taɓa, ko ƙoda ya lalata? Lambar da ke kan na'ura bazata faɗa maka ba.

Kuma ba wai malamanmu basu san wannan bane, sun sani sarai. Auna PKC ba sihiri bane, tunda in ta tashi barin tsakiyar ƙwaya take ta koma jikin fata, abun da ake yi shi ne a ciro hantar ko ƙodar a jefa kan ƙanƙara nan take, a niƙa cikin ruwan sinadari mai sanyi, a sa a na'urar da ke juyawa da gudun tsiya har fatar ƙwayoyin ta kwanta a ƙasan kwalba ruwan ya tsaya a sama, sannan a duba wanne ɓangare PKC tafi yawa. Amma wannan na'urar tana da tsada, sinadarin da ke gane kowane ɗan dangin PKC daga waje ake sayo shi da dala kuma dole ya zo cikin sanyi, samfurin kuma sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, in an ɗauke wuta kwana ɗaya babu janareta aikin wata shida ya narke. Na ga malami babba ya tsaya gaban firiza da ta mutu ya rasa me zai ce wa ɗalibarsa. Shi yasa kowa ya koma ga abun da na'urar gwajin suga ta hannu zata iya. Ina roƙon TETFund, asusun tallafawa manyan makarantu, da gwamnonin arewa, in ba za a iya sawa kowace jami'a ba, a yi ɗakin gwaji ko guda ɗaya a kowace shiyya mai sola da batir da ma'aikacin da ya iya gyaran na'ura, ɗalibai daga Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya da Maiduguri su riƙa kai samfurinsu suna biyan kuɗi kaɗan.

Akwai kuma dalilin da yasa maganar PKC ta shafe mu kai tsaye, ba ta hanyar asibiti kaɗai ba, ta shingen gonakinmu. Tun 1941 wani mai bincike Isaac Berenblum ya lura cewa man 'ya'yan wata bishiyar Asiya mai suna kuroton, in ana shafa shi a fatar ƙananan ɓerayen da aka riga aka taɓa da sinadari mai jawo daji, ƙari yana fito musu da yawa. Daga baya aka ware abun da ke cikin man, sinadaran fobol. Wata Bafaranshiya Monique Castagna ta je ɗakin gwajin Nishizuka a Kobe, a 1982 suka buga cewa fobol kama yake da DAG, yana zuwa ya zauna a wurinsa ya tada PKC kai tsaye. Bambancin shi ne DAG na jiki nan da nan ake share shi saƙon ya ƙare, fobol kuwa in ya zauna baya tashi. To irin waɗannan sinadaran na fobol suna cikin 'ya'yan bini-da-zugu, wannan da muke dasawa a matsayin shinge a ƙauye, yara su ga ƙwallon kamar gyaɗa su ci a kwashe su da amai da gudawa, akwai kuma wata guba ta biyu a ciki mai suna kursin. Lokacin da aka yi ta yayin noman bini-da-zugu don yin man dizal, wajen 2007 zuwa 2008, babban cikas ɗaya shi ne tunkuzar da ta rage bayan an matse man ba a iya baiwa dabbobi ita haka nan saboda fobol ɗin. Tinya ma, wadda kowa ya san yadda ruwanta fari ke ƙona fata ya kuma cuci ido, an samu dangin waɗannan sinadaran a cikinta. Kenan wanda ke cewa ai ganye ne daga Allah baya illa, ya sani cewa wasu daga cikin tsirran da ke bayan gidansa suna ɗauke da abun da ke shiga ya riƙe ɗaya daga cikin manyan masu bada umarni a ƙwayar halitta.

Saboda wannan binciken na 1982 duniyar kimiyya ta yi sama da shekara 30 tana ganin PKC ce ke hura wutar ciwon daji, kamfanoni suka kashe maƙudan kuɗi suna haɗa magungunan toshe ta, aka gwada a kan masu daji gwaji bayan gwaji babu nasara. Sai a 2015 Alexandra Newton da ɗalibanta a San Diego suka ɗauki canje-canje 46 da aka samu a PKC a cikin ƙarin daji na mutane suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu rage mata ƙarfi suke ko su kashe ta gaba ɗaya, babu ko ɗaya da ke ƙara mata ƙarfi. Ashe fobol in ya daɗe yana riƙe da PKC a buɗe, ƙwayar lalata ta take yi har ta ƙare, kenan abun da ake gani a fatar ɓera mai yiwuwa rashinta ne ya jawo shi ba yawanta ba. Shekara talatin ana toshe abun da ya kamata a raya. Yanzu har akwai maganin da ke tada PKC, wanda aka samo daga 'ya'yan wata bishiya a dajin Queensland na Ostireliya, an amince da shi a Turai da Amurka a 2020 don yiwa karnuka allura a cikin wani irin ƙarin fata. Wani kuma da aka samo daga dangin tinya, man shafawa mai suna Picato, an amince da shi a 2012 sannan aka janye shi daga kasuwar Turai a 2020 saboda an ga masu shafa shi sun fi samun dajin fata. Dangi ɗaya na sinadarai, wani ya zama magani wani aka janye, kuma duk bayan an wuce matakin ɓera da nisa.

Abun da nake roƙo a wajenku 'yan jarida ba mai yawa bane. In an kawo muku labarin bincike ku tambayi mai shi a kan wa aka gwada, in ɓera ne to kalmar ɓera ta fito a kanun labarin kanta ba a sakin layi na tara ba, ku tambaye shi ɓeraye nawa, na kwana nawa, ta yaya aka sa musu ciwon, an duba hantarsu da ƙodarsu bayan an gama ko ba a duba ba, kuma ya san ta wace hanya abun yayi aiki ko hasashe yake. Mai binciken kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyin, ni na san da yawa daga cikinsu basa jin daɗin yadda ake kumbura maganarsu. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ma a riƙa yiwa mutane bayaninta, in ka duba da kyau a jikin da yawansu an rubuta cewa hukumar bata tantance iƙirarin warkarwar ba.

Masu ciwon suga kuma dan Allah kar wanda ya ajiye metformin ko insulin ɗinsa saboda ya karanta labarin ɓera. Abun da aikin King ya nuna shi ne ɓarnar ido da ƙoda tana tafiya a ɓoye tun mutum yana jin garau, don haka ko lamba tana kyau a je a duba bayan ido a kuma gwada fitsari ko sau ɗaya a shekara, in kuma ana shan wani jiƙo a gefe a faɗawa likita sunansa da yawan da ake sha.

Na gode da filin da ka bani, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, daga Zariya